Ɗan baƙin ƙwaro mai cin darɓa: yadda ake gano ainihin sunansa

A lambunan da ke shan ruwan madatsar Dadin Kowa, a ƙaramar hukumar Yamaltu Deba ta jihar Gombe, wanda ya juya ganyen wake ko na kuɓewa da darɓa ta kama yakan ci karo da wani ɗan baƙin ƙwaro mai ƙyalli yana kai da kawowa a tsakiyarta. Tsawonsa milimita 3 zuwa 4 ne, bai wuce ƙwayar dawa ba. Bayansa a tudu yake, cikinsa a shafe, kuma ta kowane gefen wuyansa akwai ɗan tabo ruwan ɗorawa ko ruwan goro. Idan aka taɓa shi sai ya naɗe ƙafafu ya faɗo ƙasa, ya yi mutuwar ƙarya, wani lokaci har ya fitar da wani ruwa rawaya mai wari da ɗaci daga gwiwoyinsa, wanda ke sa tsuntsu da tururuwa su ƙyale shi.

Manoma da yawa ba su raba shi da sauran ƙwari, feshi ɗaya ake yi musu. Alhali darɓar yake ci, shi da tsutsarsa. Kuma darɓa ba ƙaramar abokiyar gaba ba ce a Arewa. Irin wadda ke kama wake da gyaɗa, mai suna Aphis craccivora, ita ce ke ɗaukar cutar kuturtar gyaɗa daga shuka zuwa shuka, cutar da ta cinye wajen hekta 700,000 na gyaɗa a arewacin Nijeriya a 1975.

To mene ne sunan wannan ƙwaro? Amsar hawa-hawa ce. Akwai matakin da manomi da malamin gona za su iya kaiwa da ido da ɗan gilashin ƙara girma, akwai kuma matakin da ba a kai shi sai an shiga ɗakin bincike an feɗe ƙwaron. Matsalar da nake gani ita ce, mutane da dama suna tsayawa a matakin farko amma su rubuta sunan da sai a matakin ƙarshe ake samunsa.

Ƙwaron yana cikin babban rukunin nan na ƙwari masu taurin fukafukan sama, Coleoptera, inda buzuzu yake, da ƙwaron da ke huda wake a rumbu. Danginsa na kusa su ne Coccinellidae, sunan da Bafaranshe Pierre André Latreille ya ba su a 1807, kuma zuwa yau an san nau'i sama da 6,000 a cikinsu. Wanda duniya ta fi sani shi ne jan nan mai ɗigo 7 na ƙasashen Turai, Coccinella septempunctata, da Carl Linnaeus na Suwidin ya raɗa wa suna a 1758. Hotonsa ne ya cika littattafan makaranta, shi ya sa ɗalibi kan ɗauka duk ɗan dangin ja ne mai ɗige-ɗige. Ba haka ba ne. Kaso mai yawa na dangin ƙanana ne, baƙaƙe ko ruwan ƙasa, wasu ba su kai milimita 2 ba, wasu jikinsu duk gashi.

Abin da ke shigar da ƙwaro cikin dangin yana ƙarƙashinsa ne, don haka sai an kifa shi. A duba tafin ƙafa: gaɓoɓi uku ake gani, duk da cewa huɗu ne, ta ukun ce ƙanƙanuwa ta ɓuya a cikin ta biyu. A duba 'yan yatsun da ke gefen bakinsa: gaɓar ƙarshe tana da faɗi a baki, siffar ruwan gatari. Étienne Mulsant, masanin birnin Liyon da ya yi babban aikin tsara dangin a 1850, da waɗannan alamomi biyu ya kira su. Ƙahonninsa na jin ƙamshi gajeru ne, masu ɗan kulki a ƙarshe, yana iya ɓoye su ƙarƙashin kai. Sai kuma wani lanƙwasasshen layi da ke kan ɓangaren farko na cikinsa, daidai bayan gindin ƙafafun baya. Wannan layi zai sake taso mana a gaba, domin aikinsa ya fi na sauran yawa.

Waɗannan alamomi su ke raba shi da maƙwabtansa na gona masu ɓarna. A kan wake akwai Ootheca mutabilis, mai ƙyalli shi ma, wani ruwan goro, wani baƙi, wanda ke huda ganyen ƙaramin wake, amma ƙahonninsa dogaye ne sirara, jikinsa kuma ya fi tsawo. A kan kuɓewa da rama akwai 'yan Podagrica masu yi wa ganye ƙananan huji. Su ba su faɗowa su kwanta idan an taɓa su, tsalle suke yi, domin cinyoyinsu na baya kauri gare su.

Sai dai shiga dangin kaɗai bai wanke ƙwaro ba. Akwai zuriya guda a cikinsu, Epilachnini, da ta bar cin nama ta koma cin ganye. Ɗaya daga ciki, Chnootriba similis, yana kankare ganyen dawa da masara da alkama a ƙasashen Afirka da dama, wasu kuma sun fi son kankana da kabewa da gurji, wasu yalo da gauta. Sun fi girma, launinsu ja ne dusashe mai baƙaƙen ɗigo, ba su ƙyalli saboda lallausan gashin da ya rufe bayansu. Haƙoran muƙamuƙinsu da yawa ne, na kankara, saɓanin na masu farauta da ke da tsini ɗaya ko biyu. Tsutsarsu rawaya ce, mai ƙayoyi masu rassa, ba ta da sauri. Shaidar da ta fi sauƙi ita ce ganyen da kansa: inda suka ci, naman ganyen ya tafi, jijiyoyi da siririyar fata kaɗai suka rage, a jere layi-layi. Idan kuwa ganye lafiya lau yake ta fuskar huji, amma ya yi danƙo, ga darɓa ga tururuwa, to ƙwaron da ke wurin farauta ta kawo shi.

Akwai wani kuskure da ya fi wannan ciwo a wurina. Tsutsar 'yan gidan Scymnus da na Hyperaspis tana lulluɓe jikinta da farin kaki mai gashi-gashi, har ta zama ba ta da maraba da fararen ƙwarin nan masu manne wa gwanda da mangwaro da rogo suna tsotse su. Mai lambu ya ga fari ya yi yawa a reshe, sai ya ƙara magani, ya kashe mai ci da abin da ake ci gaba ɗaya. Bambancin kuwa a tafiya yake. Mai tsotso a manne take, da ƙyar take motsi. Mai farauta tana yawo da hanzari, kuma idan aka share kakin za a ga ƙafafu shida masu ƙarfi da muƙamuƙi.

Iyakar abin da manomi ke buƙata ke nan, kuma ya ishe shi yanke shawarar feshi. Daga nan aikin masana ne.

Abu na farko da mai koyon wannan fanni zai haƙura da shi shi ne launi. Ƙwaron da ya fito yanzun nan daga kwancinsa, wato matakin da tsutsa ke kwantawa ta rikiɗa ta zama babba, fari-fari ne ko rawaya, sai bayan sa'o'i ɗigonsa ke bayyana, launin kuma ya ci gaba da nuna har kwanaki. Namiji da mace kan bambanta: a gidan Hyperaspis da wasu 'yan Exochomus da Scymnus, fuskar namiji rawaya ce, ta mace baƙa. Sannan nau'i ɗaya kan zo da riguna iri-iri. Cheilomenes propinqua, wanda ke cikin manyan masu cin darɓa a Afirka, akwai mai ruwan ɗorawa zalla, akwai mai baƙin layi a baya, akwai wanda baƙin ya kusa cinye shi duka. Masanan farko sun ba wasu daga cikin waɗannan kamannu sunaye daban-daban, shi ya sa a tsofaffin rubuce-rubucen Afirka ta Yamma ake yawan ganin Cheilomenes vicina a matsayin nau'i mai zaman kansa, alhali daga baya an mayar da shi ƙarƙashin propinqua. Wato launi kan raba abin da yake ɗaya.

Yakan kuma haɗa abin da yake daban, kuma nan ne ɗan baƙin ƙwaronmu ya shigo.

Idan aka dube shi ta gaba da madubin ƙara girma, za a ga goshinsa ya faɗaɗa ta gefe biyu, ya shiga gaban idanu, ya rufe gindin ƙahonni. Wannan alama ce ta zuriyar Chilocorini. A cikinta, gidaje biyu aka fi haɗuwa da su a Afirka. 'Yan Chilocorus ƙahonsu gaɓa 8 ne, ƙwaurinsu yana da ɗan haƙori ta waje, layin nan na ciki kuma yana gangarawa ya haɗe da bakin ɓangaren. 'Yan Exochomus ƙahonsu gaɓa 10 ne, ƙwaurin sumul, layin kuwa yana zagayowa ya yi rabin da'ira. Ko a kwanci ana gane zuriyar, domin tsutsarsu ba ta tuɓe fatarta ta ƙarshe gaba ɗaya, fatar tsagewa take yi ta baya, ƙwaron ya yi kwancinsa a ciki. Baƙi mai ƙyalli, mai rawayan gefen wuya da rawayan ƙafafu, mai gaɓa 10 a ƙaho, ya faɗa ɓangaren Exochomus.

Sunan da aka daɗe ana liƙa wa duk mai wannan kama shi ne Exochomus flavipes. Carl Peter Thunberg, ɗalibin Linnaeus wanda ya yi shekaru yana tattara tsirrai da ƙwari a kudancin Afirka daga 1772 zuwa 1775, shi ya bayyana nau'in a 1781. Daga nan sunan ya yi ta yawo. An kira na Afirka ta Yamma da shi, an kira na Gabas ta Tsakiya da shi, har wani na kudancin Turai, wanda ainihin sunansa nigromaculatus, ya daɗe yana amsa shi a littattafai. A 1961 Bajamushe Helmut Fürsch ya bi diddigin nau'o'in Afirka masu wannan kama, kuma abin da aka fahimta shi ne taro ne na nau'o'i da dama masu riga iri ɗaya. Sunaye irin su Exochomus troberti da Exochomus flaviventris suna cikin waɗanda ake samu a binciken gonakin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Daga baya ma an ɗebe wasu 'yan wannan rukuni an kai su gidan Parexochomus. Hausawa sun riga sun faɗa, kama da wane ba ta wane.

To da me ake raba su? Da gaɓar barbarar namiji. Akan jiƙa ƙwaron ya yi laushi, a cire cikinsa da siririn tsinke a ƙarƙashin madubi, a sa a ruwan sinadarin fotasiyam haidiroksaid mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 har nama ya narke, sassa masu tauri su rage. Sai a wanke, a ɗora a ɗigon gilisarin. Abubuwa biyu ake nema. Na farko wani siririn bututu ne lanƙwasasshe da ake kira sifo, mai ɗan buɗaɗɗen gindi da baki mai siffa ta musamman. Na biyu shi ne tegimen, wato kuben da bututun ke bi, mai harshe ɗaya a tsakiya da hannuwa biyu masu gashi a gefe. Ana auna ko harshen tsakiyar ya fi hannuwan tsawo ko bai kai su ba, ko bakinsa a miƙe yake ko a karkace, ko ƙarshen sifo yana da ƙugiya ko zare ko fata. Duka abin bai fi milimita ɗaya ko biyu ba, kuma motsin hannu kaɗan zai iya ɓatar da shi, shi ya sa ake ajiye shi a ɗan mitsitsin bututu a soke a allura ɗaya da ƙwaron.

Dalilin dogaro da wannan gaɓa a fili yake. Launin baya yana hulɗa da duniyar waje ne: tsuntsun da ya ɗanɗani ɗacin baƙi mai rawaya sau ɗaya zai guji duk mai irin rigar, don haka nau'o'i daban-daban suna cin riba idan suka yi kama da juna. Gaɓar barbara kuwa ba ruwanta da tsuntsu. Takan bambanta sosai tsakanin nau'i da nau'i, ta kuma tsaya kusan iri ɗaya a cikin nau'i guda, ko daga ina aka kamo shi. A 'yan mitsi-mitsin nan masu gashi ma haka abin yake. Layin ciki zai kai mutum gida: idan ya zagayo ya rufe, a nemi ɓangaren Pullus na gidan Scymnus ko gidan Stethorus masu cin jan gizo-gizon ganye, idan ya tsaya a hanya, ɓangaren Scymnus na asali, idan ya bi bakin ɓangaren ciki ya haɗe da shi, gidan Diomus. Amma daga gida zuwa nau'i, sai an feɗe.

Bayan an feɗe, da me za a gwada? Dokar raɗa wa dabbobi suna ta duniya ta ɗaure kowane suna a jikin samfuri na asali, wato ƙwaron da mai raɗa sunan ya riƙe a hannu lokacin da yake rubutu. Duk gardamar da ta taso, wurinsa ake komawa. Idan aka gano mutum biyu sun raɗa wa nau'i ɗaya suna, na farko ne ke tsayawa. Idan aka ga an rubuta Cheilomenes sulphurea (Olivier, 1791), baka biyun nan na nufin Olivier a wani gida ya fara sa shi, daga baya aka yi masa ƙaura. Samfuran asali na yawancin ƙwarin Afirka kuwa ba a Afirka suke ba. Na Thunberg suna Uppsala, tarin George Crotch, wanda ya sake bitar dangin a 1874, yana Kambirij, wasu suna Landan da Faris da Tervuren ta Beljiyam. Mai bincike a Gombe ko Bauchi dole ya dogara da zane da hoton da wasu suka wallafa, da kuma ma'ajiyar ƙwari irin ta Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya, da ta cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Kwatano a Jamhuriyar Benin.

Hatta manyan rassan dangin ba su zauna wuri ɗaya ba. Hiroyuki Sasaji na Japan ya kasa su 6 a 1968, Adam Ślipiński ya mayar da su 2 a 2007, binciken ƙwayoyin gado na 2021 ya ƙara na 3. Wannan gardamar masana ce, ba ta canja komai a gona.

Wanda ke ganin duk wannan wahalar ƙawa ce kawai, ya dubi abin da ya faru da rogo. A 1973 aka fara ganin wani farin ƙwaro mai tsotso yana nannaɗe kan rogo a yankin Kinshasa da Brazzaville. Cikin 'yan shekaru ya bazu har Nijeriya, a wasu gonaki asarar ta kai kashi 80 cikin 100. A 1977 Danièle Matile-Ferrero ta raɗa masa suna Phenacoccus manihoti. Tun da rogo daga Kudancin Amurka ya fito, can aka tafi neman abin da ke cin ƙwaron. An samu wani mai kama da shi a arewacin nahiyar, aka kwaso maƙiyansa, amma suka ƙi hayayyafa a kan na Afirka. Da aka zurfafa bincike sai ta bayyana nau'i biyu ne: na can yana da maza, na Afirka mata ne zalla masu haihuwa ba barbara. A 1981 Jennifer Cox da Douglas Williams suka ware na can da suna Phenacoccus herreni. A shekarar ce kuma Anthony Bellotti ya gano na ainihin a Faraguwai, aka samo wani ɗan mitsitsin dangin zanzaro mai kashe shi, Anagyrus lopezi, aka sake shi a Ibadan. Ya bazu a ƙasashe sama da 20, ya durƙusar da annobar, aikin da ya sa jagoransa, Hans Herren, ya samu kyautar abinci ta duniya a 1995. Shekarun da aka ɓata ana nema a inda ba nan ba, kuskuren suna ne ya jawo su. A cikin maƙiyan da aka kawo har da 'yan dangin ƙwaronmu, Hyperaspis notata da wani ƙaramin Diomus da aka yi ta aiki da shi ba shi da cikakken suna, sai a 1987 Fürsch ya kira shi Diomus hennesseyi.

Yanzu akwai hanyar ƙwayoyin gado, wadda Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003: a karanta wani yanki mai harafi wajen 650 na ƙwayar gadon da ake kira COI, a gwada da na rumbun bayanai. Tana da amfani ƙwarai, musamman wajen haɗa tsutsa da uwarta, ko mace da namijinta. Amma rumbun abin da aka zuba masa yake mayarwa. Idan wanda ya fara sa bayanin ya yi kuskuren suna, kuskuren zai bi duk wanda ya zo bayansa, idan kuma ba a taɓa sa nau'in ba, na'ura za ta nuna mafi kusa ne kawai. Manhajojin waya masu gane ƙwaro daga hoto sun fi wannan rauni, tun da baya kaɗai suke gani.

Shi ya sa nake ganin ɗaliban Kwalejin Koyon Noman Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa, da na Jami'ar Jihar Gombe, da ta Tarayya da ke Kashere, da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, suna zaune ne a kan aiki mai daraja. Lambunan rani na bakin Gongola, da na Balanga, da gonakin auduga da wake na wajen Kumo, duk wuraren tattara samfuri ne. Kayan aikin ba su da tsada: farin ƙyalle ko laima da za a shimfiɗa ƙarƙashin reshe a girgiza, ƙananan kwalabe, sinadarin etanol mai ƙarfin kashi 70 don ajiya, mai 95 ko fiye idan za a yi gwajin ƙwayoyin gado. Ƙanana irin waɗannan ba a soke su da allura, akan manna su ne a tsinin 'yar takarda ta gefe guda, yadda cikin zai kasance a buɗe don dubawa. Kowane samfuri ya samu takardarsa mai ɗauke da gari, da kwanan wata, da shukar da aka same shi a kai, da abin da yake ci, da sunan wanda ya kama. In an samu tsutsa, a raine ta da abincinta har ta zama babba, a ajiye fatar da ta bari.

Kuma a rubuta iyakar abin da aka tabbatar. Wanda ya ƙirga gaɓoɓin ƙaho ya ga layin ciki amma bai feɗe ba, ya rubuta Exochomus sp., wato ɗan gidan ne amma ba a tantance nau'in ba. Wannan ya fi amfani ga mai zuwa a baya fiye da cikakken sunan da aka ɗauko daga hoton intanet. A riƙa kuma kama da dama daga shuka ɗaya, goma ko fiye, domin yawancin bayanan tantancewa a kan namiji aka gina su. Wanda ya kama guda ɗaya tak, kuma ta zamo mace, sau da yawa dole ya tsaya a sunan gida har sai ya samu namiji.